Malesiya: Ba Irin Kwakwa Ne Ya Gina Ta Ba

Da wuya a zauna ana jajanta halin da tattalin arzikin Najeriya ya shiga a tashi ba wani ya jawo zancen Malesiya ba. Wai sun zo nan bayan samun 'yancin kai sun ɗebi irin kwakwar manja, ga shi yau sun yi mana fintinkau. Labarin yana da daɗin faɗa, sai dai tarihin shukar bai goyi bayansa ba. Asalin kwakwar manja Afirka ne, wannan babu musu. Amma itatuwan da suka haifi gonakin kudu maso gabashin Asiya guda huɗu ne da Turawan Holan suka dasa a lambun Bogor na tsibirin Java a 1848, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malaya (yammacin Malesiya ta yau), wato Tennamaram da ke jihar Selangor, wani Bafaranshe mai suna Henri Fauconnier ne ya kafa ta tun 1917. Masu binciken Malesiya sun zo Najeriya tattara iri, haka ne, amma a shekarun 1970 aka yi wannan, lokacin da tuni ƙasarsu ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da manja.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: ta yaya ƙasar da teku ya raba gida biyu, mai sarakuna tara da manyan al'ummomi uku da ba su haɗa harshe ko addini ba, ta riƙe kanta har ta tara abin da ta tara? Amsar tana cikin wasu yarjejeniyoyi na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, da wasu hukumomi da aka kafa domin su tattara ƙasar noma da ajiyar talaka su mayar da su jari. Waɗannan hukumomin kuma su ne inda ɓaraka ke fitowa duk sanda ɗan siyasa ya zura hannu.

Faɗin Malesiya kusan murabba'in kilomita 330,000 ne, ya ɗan ɗara sulusin Najeriya, mutanenta kuma wajen miliyan 34. Ɓangaren yamma zirin ƙasa ne da ya zubo daga Tailan har bakin Singafo. Na gabas jihohi biyu ne, Sabah da Sarawak, a arewacin tsibirin Borneo, da teku mai faɗin fiye da kilomita 600 a tsakani. Borneo ke da kashi 60 cikin ɗari na ƙasar, amma kusan kashi 80 na jama'a a yamma suke. A cikin zirin ma akwai wani rabon. Tsaunukan Titiwangsa sun ratsa tsakiyarsa kamar ƙashin baya. Gaɓar yamma tana fuskantar mashigin Malaka, tsibirin Sumatra ya kare ta daga mugunyar iska, kuma a can ne kuza take, can ne tashoshin jiragen ruwa, can aka shimfiɗa layin dogo. Gaɓar gabas kuwa daga Nuwamba zuwa Maris iskar damina ke dukanta kai tsaye, ambaliya ta ci garuruwa, masunta su jingine jiragensu. Shi ya sa jihohin Kelantan da Terengganu suka zauna a baya wajen masana'antu, mazaunansu kusan duk Malayawa Musulmi, kuma su ne cibiyar jam'iyyar Musulunci ta PAS har yau.

Ruwan sama yakan haura milimita 2,000 a shekara a yawancin wurare, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma babu rani irin wanda muka sani. Wannan shi ne abin da roba da kwakwa suke so. Ƙasar kanta dai ba mai ƙarfi ba ce, ruwa ya wanke ta, sai da taki. Shinkafa ma, wadda ita ce abincin kullum, ba sa noma abin da zai ishe su. Fiye da sulusi daga waje ake sayowa.

Mashigin Malaka shi ya fara kawo arziki, shi kuma ya jawo baƙi. Masarautar Malaka da aka kafa wajen 1400 ta zama kasuwar da fataken Larabawa da Indiya da Sin ke haɗuwa, ta nan kuma Musulunci da harshen Malay suka bazu a tsibiran yankin. Fotugal ta ƙwace garin a 1511, Holan ta karɓe a 1641, Ingila ta samu Penang a 1786 da Singafo a 1819, sannan yarjejeniyar 1824 ta raba yankin: zirin na Ingila, tsibiran kudu na Holan. Wannan layin ne ya zama iyakar Malesiya da Indonesiya.

Yadda Ingilishi suka shiga masarautun cikin ƙasa ba zai zama baƙo ga mutumin Arewa ba. A 1874 aka ƙulla yarjejeniyar Pangkor da sarkin Perak: zai karɓi Razdan, dole a nemi shawararsa kuma a yi aiki da ita a kan komai, ban da abin da ya shafi addini da al'adar Malayawa. Razdan na farko, Birch, bai daɗe ba aka kashe shi a 1875, amma tsarin ya zauna ya bazu zuwa sauran masarautu. Sarki yana kan gadonsa, haraji da ƙasa da kotu suna hannun Bature. Akwai ma mutum guda da ya haɗa tarihin ƙasashen biyu. Hugh Clifford, wanda ya yi Razdan a Pahang, shi ne ya zama Gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata suka hana kamfanin Lever mallakar manyan filaye don shuka kwakwa a Najeriya, a kan cewa noman ya zauna a hannun manoman ƙasa. Wanda ke neman dalilin da ya sa gandun kwakwa ya kafu can bai kafu nan ba, daga nan ya kamata ya fara.

Kuza da roba ne suka canja fuskar jama'ar ƙasar. Sinawa suka kwararo haƙar kuza a kwarin Kinta da Selangor. Kuala Lumpur kanta sansanin mahaƙa ce da ta fara a 1857. Aka kawo Tamilawa daga kudancin Indiya aikin tsagar roba. Malayawa kuwa aka bar su a ƙauye da shinkafa da kamun kifi, har da dokar 1913 da ta keɓe musu filaye. Kowace al'umma da sana'arta, da makarantarta, da unguwarta. Lokacin da aka zo 'yancin kai, Malayawa kusan rabin jama'a ne kawai, Sinawa sun haura sulusi, kuma kasuwa tana hannun Turawa da Sinawa.

Bayan mamayar Jafan daga 1941 zuwa 1945, Ingila ta so ta rage sarakuna ta ba kowa haƙƙin ɗan ƙasa daidai wa daida. Malayawa suka yi ca, aka kafa jam'iyyar UMNO a 1946, aka janye shirin. Sai yaƙin sunƙuru da 'yan kwaminis daga 1948 zuwa 1960, inda aka kwashe mutane wajen rabin miliyan, yawancinsu Sinawa, aka tsugunar a sababbin ƙauyuka masu shingen waya. A cikin wannan hali aka yi cinikin da ya haifi ƙasar ranar 31 ga Agusta 1957 a ƙarƙashin firaminista na farko, Tunku Abdul Rahman. Sinawa da Indiyawa suka samu zama 'yan ƙasa. Malayawa suka samu Musulunci a matsayin addinin tarayya, harshensu a matsayin na hukuma, sarakunansu, da sashe na 153 na tsarin mulki wanda ya ba su fifiko a aikin gwamnati, guraben karatu da lasisin kasuwanci. A 1963 Sabah da Sarawak da Singafo suka shigo aka zama Malesiya. Singafo, mai rinjayen Sinawa, ba ta yarda da fifikon ba, aka raba gari a 1965.

Tsarin sarautar ƙasar babu irinsa. Daga jihohi 13, tara suna da sarakunan gado, huɗu kuma, Penang da Malaka da Sabah da Sarawak, gwamnonin naɗi ne. Duk shekara biyar sarakunan tara sukan zaɓi ɗayansu ya zama Yang di-Pertuan Agong, sarkin ƙasa baki ɗaya. Akwai jerin karɓa-karɓa da ake bi. Ana raba takarda mai suna guda, na wanda layi ya zo kansa, kowa ya nuna a asirce ko ya cancanta ko bai cancanta ba. In ya samu ƙuri'a biyar an gama, in bai samu ba ko ya ce ba ya so, a matsa ga na gaba. Na yanzu, Sultan Ibrahim na Johor, shi ne na 17, ya hau a ƙarshen Janairun 2024.

Mulki na gaskiya yana hannun firaminista da majalisar wakilai mai kujeru 222. Mahathir Mohamad, wanda ya yi mulki daga 1981 zuwa 2003, ya rage wa sarakuna fiffike sau da dama: a 1993 aka cire musu kariyar da ta hana a gurfanar da su a kotu, a 1994 kuma aka ce dokar da majalisa ta zartar za ta fara aiki bayan kwana 30 ko sarki ya sa hannu ko bai sa ba. Mutane da yawa suka ɗauka sarautar ta zama ado. Sai dai tsarin mulki ya bar wa sarki abu biyu: shi ke naɗa wanda a ganinsa yake da rinjaye a majalisa, kuma yana iya ƙin amincewa da rushe ta. Muddin jam'iyya ɗaya ke lashe zaɓe, wannan iko barci yake yi. Ƙawancen UMNO ya yi shekara 61 bai faɗi ba, har 2018. Daga nan sai ikon ya farka. A Fabrairun 2020 gwamnati ta ruguje saboda sauya sheƙa, Sultan Abdullah na Pahang ya riƙa kiran 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu wa suke goyon baya. A Oktoban shekarar ya ƙi amincewa da dokar ta-ɓaci da firaminista ya nema. A 2022 babu wanda ya samu kujeru 112 da ake buƙata, sai da fada ta sa baki aka haɗa gwamnatin gamin gambiza ta Anwar Ibrahim. Firaminista huɗu cikin shekara biyar, kuma soja bai fito daga bariki ba. Ƙasar ba ta taɓa ganin juyin mulkin soja ba, abin da bai kamata a raina ba in ana kwatanta ta da mu.

Maganar shari'a ma tana da nata ƙulli. Addini hurumin jihohi ne, kowane sarki shi ne shugaban Musulunci a jiharsa, kotunan shari'a kuma Musulmi kawai suke yi wa hukunci, mafi yawa a kan aure, gado, wakafi da wasu laifuffuka. Dokar tarayya ta ƙayyade musu iyaka: ɗaurin shekara uku, tarar ringit (kuɗin ƙasar) 5,000, bulala shida. Kelantan ta daɗe tana son wuce nan, amma a Fabrairun 2024 kotun ƙoli ta soke sassa 16 na dokar laifuffukanta, bisa cewa hurumin majalisar tarayya ne. Wani abin lura shi ne tsarin mulki ya fassara Bamalaye da cewa Musulmi ne mai magana da harshen Malay mai bin al'adarsu. Ke nan ƙabila da addini da fifikon tattalin arziki a ɗaure suke da igiya ɗaya, taɓa ɗaya taɓa duka ne.

Cinikin 1957 bai riƙe ba. Ranar 13 ga Mayu 1969, bayan zaɓen da 'yan adawa suka yi rawar gani, rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Kuala Lumpur. Hukuma ta ce mutum 196 suka mutu, masu lura da yawa sun ce adadin ya fi haka. Aka dakatar da majalisa kusan shekara biyu, aka dawo da sabon tsarin tattalin arziki a 1971 a ƙarƙashin firaminista Tun Abdul Razak, mai manufa biyu: kawar da talauci ga kowa, da raba sana'a da ƙabila. A 1970 kusan rabin gidaje a zirin talakawa ne, kuma hannun jarin kamfanoni da ke hannun 'yan ƙasa na asali, waɗanda ake kira bumiputera, bai kai kashi uku cikin ɗari ba. Aka sa burin kashi 30 kafin 1990. Da lokacin ya cika an kai wajen 19, talauci kuma ya sauko ƙasa da kashi 20.

Yadda aka yi shi ne abin koyo. Ba a ƙwace dukiyar Sinawa ba, kamfanonin Turawa aka saye. Hukumar zuba jari ta PNB da aka kafa a 1978 ta shiga kasuwar hannun jari ta Landan wata safiya a Satumban 1981 ta saye rinjayen kamfanin gonaki na Guthrie cikin 'yan sa'o'i, sannan ta riƙa sayar wa talakawan Malayawa ƙananan hannaye ta asusun amana. Amma tsarin ya haifi nasa ciwon. Akwai abin da su da kansu suke kira Ali Baba: Ali, Bamalaye, shi ke karɓo lasisi ko kwangila da sunansa, Baba, Basine, shi ke yin aikin, Ali ya karɓi la'ada yana kwance. Rangwamen kuɗin gida da ake yi wa bumiputera kuma bai bambance mai kuɗi da talaka ba, attajiri mai sayen katafaren gida ya fi kowa amfana. Ɗan Basine ko Ba'indiye da ya ci jarrabawa da kyau ya ga an mayar da shi ɗan bora wajen shiga jami'a sai ya tsallaka Singafo ko Ostareliya, da yawa ba sa dawowa. An ce tsarin na shekara 20 ne. An haura 50 yanzu, kuma babu jam'iyyar da za ta taɓa shi ta kwana lafiya.

Mai da iskar gas su ne ciniki na uku, bayan na 1957 da na 1971, wannan karon tsakanin tarayya da Borneo. Dokar 1974 ta damƙa duk man ƙasar ga kamfanin Petronas, jihohin da ake haƙowa a yankinsu kuma aka yanka musu kashi biyar cikin ɗari, ƙasa da kashi 13 da jihohin mai ke samu a Najeriya. An bar Petronas ya yi aiki a matsayin kamfani, yana riƙe ribarsa yana sake zubawa, yana biyan gwamnati haraji da rabon riba, har ya fita waje haƙar mai, ciki har da Sudan da Chadi. Wannan bai hana a mayar da shi saniyar tatsa ba: shi aka sa ya ceto bankin Bumiputra a 1984 da kuma 1989. Sarawak, inda babbar masana'antar gas ta Bintulu take, ta gaji da kashi biyar. Ta kafa nata kamfanin, Petros, a 2017, ta sa harajin kashi biyar a kan kayan mai, Petronas ya ja har kotu kafin ya biya. Ƙarfin gwiwar daga lissafin majalisa yake. Sarawak na da kujeru 31, Sabah 25, kuma tunda jam'iyyun yamma suka rarrabu babu mai kafa gwamnati sai da su. Jihohin biyu ma suna da ikon shige da fice nasu, mutumin Kuala Lumpur sai an duba takardarsa kafin ya shiga.

Abin da ya fi kawo wa ƙasar kuɗin waje yanzu ba manja ba ne, ba mai ba ne. Kayan lantarki ne, wajen kashi 40 cikin ɗari na abin da ake fitarwa. Penang ta buɗe yankin masana'antu marar haraji a Bayan Lepas a farkon shekarun 1970, Intel ya shigo a 1972, wasu suka biyo. Sai dai aikin da aka fi yi shi ne na ƙarshe, haɗawa da gwadawa da shirya 'yan ƙwayoyin kwamfuta, ba zana su ko ƙera su ba, ribar kuma a can gaba take. Shi ya sa kuɗin shigar mutum ɗaya ya daɗe yana kai-kawo tsakanin dala 10,000 da 12,000 a shekara, ana hango sahun ƙasashe masu arziki ba a shiga ba.

Jarin cikin gida daga ajiyar dole yake fitowa. Asusun EPF na ajiyar ritaya da aka kafa a 1951 yana cire kashi 11 daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara 12 ko 13. Tabung Haji, adashin gatan aikin Hajji da aka fara a 1963, an kafa shi ne don manomi ya daina sayar da gonarsa ko shanunsa saboda kujerar Makka: ya riƙa zubi kaɗan-kaɗan, a juya kuɗin ta hanyar halal, a raba masa riba. Wannan ajiya tana cikin abin da ya ba Mahathir ƙarfin ƙin karɓar bashin IMF a 1998, lokacin da ringit ya faɗi daga wajen 2.5 zuwa kusan 4.9 a kan dala. Ya hana fitar da kuɗi, ya tsayar da canji a 3.80, aka zauna haka har 2005. Amma tulin kuɗi a hannun hukumar da ɗan siyasa ke naɗa shugabanninta kitse ne a gaban kura. A 2018 aka gano bashin da ke kan Tabung Haji ya haura kadarorinsa da fiye da ringit biliyan huɗu, alhali ana ta raba riba. Asusun zuba jarin gwamnati na 1MDB da aka kafa a 2009 ya fi muni: masu binciken Amurka sun ce an karkatar da fiye da dala biliyan 4.5. Wannan ne ya kayar da UMNO a 2018, kuma firaministan lokacin, Najib Razak, ya shiga kurkuku a Agustan 2022 bayan ɗaukaka ƙararsa ta ƙarshe ta faɗi.

Mu koma ga kwakwa, domin a cikinta ake ganin dukkan tsarin a kusa. Hukumar FELDA da aka kafa a 1956 ita ce ta shigar da talaka cikin sana'ar. 'Yan kwangila su sare daji su dasa, a zaɓo magidanci marar gona, a ba shi eka goma, wajen hekta huɗu, da gidan katako da ɗan fili, a riƙa ba shi kuɗin abinci har itatuwa su fara haihuwa. Duk wannan bashi ne, ana cirewa daga kuɗin amfanin gona tsawon shekara 15 ko makamancin haka, sannan a ba shi takardar mallaka. Kowane rukuni na iyalai ɗaruruwa yana da makaranta, masallaci, asibiti, hanya, da injin matsa a kusa. Iyalai fiye da 110,000 aka tsugunar kafin a rufe ɗauka a 1990.

Injin nan shi ne zuciyar lamarin. Kwakwa ba gyaɗa ba ce da za a zuba a buhu a jira farashi. Ana dasa itace wajen 140 a hekta, tazarar mita tara, bayan shekara guda a gandun reno, ta fara bayarwa cikin wata 30 zuwa shekara uku. Mai girbi yana zagayowa duk kwana 10 zuwa 14, kuma ƙasa yake kallo kafin ya kalli sama: in 'ya'ya sun fara zubowa a gindi, nonon kwakwar ya nuna. Da kurfi yake sare na gajeren itace, na dogo kuma da lauje a kan doguwar sanda. Nono ɗaya yakan kai kilo 20. Daga sanda aka sare shi, musamman in ya ƙuje, man ya fara tsami, saboda haka ana so ya isa injin cikin awa 24. Tsamin ya haura kashi biyar cikin ɗari, farashi ya faɗi. A injin ana turara shi da tururi mai zafin digiri wajen 140 na kusan awa ɗaya da rabi don tsayar da tsamin, a kakkaɓe 'ya'yan, a dama, a matse, a tace. Kilo 100 na nono yana ba da wajen kilo 20 na manja da biyar na ƙwara. In an sare ɗanye, mai ya yi kaɗan. In an bari ya wuce, ya zube a ƙasa ya yi tsami.

Iri ma yana da tarko. Wanda ake shukawa, tenera, haɗin aure ne tsakanin dura mai kaurin ƙoƙo da pisifera marar ƙoƙo, kuma a tashar bincike ta Yangambi da ke Kwango aka gano sirrin gadon nan wajen 1941. Manomin da ya tsinci 'ya'yan tenera a gindin itace ya shuka don ya huta da sayen iri, rabi ne kawai za su fito tenera. Rubu'i za su koma dura mai ƙarancin mai, rubu'i pisifera da yawanci ba ya riƙe 'ya'ya, kuma ba zai gane ba sai bayan shekara uku ko huɗu yana zuba taki. Wata kyautar Afirka da ba a cika ambata ba kuma ita ce wani ɗan ƙwaro da aka kawo daga Kamaru a 1981. Kafin shi, leburori ne ke bin itatuwa suna barbaɗa garin fure da hannu. Gwamnati kuma a tsakiyar shekarun 1970 ta sa haraji mai nauyi a kan fitar da ɗanyen manja ta sassauta wa tatacce, matatu suka cika ƙasar.

Yau kwakwa ta rufe wajen hekta miliyan 5.6, ana samun manja tan miliyan 18 zuwa 20 a shekara, Najeriya kuma tana wajen miliyan ɗaya da rabi. Indonesiya ta wuce Malesiya tun 2006. Kuɗin da aka biya ba kaɗan ba ne: dazuzzukan Borneo, filayen gargajiya na ƙabilu irin su Iban da ake ta shari'a a kansu, da hayaƙin ƙonar daji da kan rufe makarantu. FELDA ita ma ba ta tsira ba. Mazaunanta suna da tasiri a mazaɓu fiye da 50, ta zama rumbun ƙuri'un UMNO. A 2012 aka sayar da hannun jarin reshenta na kasuwanci, FGV, aka tara wajen dala biliyan uku, aka kwaɗaita wa manoma su saya a kan wajen ringit huɗu da rabi kowane hannu. A ƙarshen 2018 bai kai ringit ɗaya ba, shekarar da ta biyo baya gwamnati ta zuba fiye da ringit biliyan shida don ceto hukumar.

Abin da hekta ke bayarwa ya tsaya cik shekara da shekaru, tan uku da ɗoriya na mai. Dalili na farko ƙarancin ma'aikata ne. 'Ya'yan mutanen FELDA sun yi karatu sun koma birni, mafi yawan masu girbi baƙi ne daga Indonesiya da Bangaladash, kuma da annobar korona ta rufe iyakoki sai kwakwa ta riƙa ruɓewa a kan itace. A 2020 Amurka ta hana shigar da manjan FGV da na kamfanin gonaki na Sime Darby bisa zargin aikin tilas. Na biyu tsufa ne. Itace in ya kai shekara 25 ya yi tsawon da sanda ba ta kai masa da sauƙi, haihuwarsa ta ragu, ga cutar ganoderma mai cin gindi da ke yaɗuwa daga tsohon kututture zuwa sabon dashe in ba a tone an daddatse shi ba. Lissafi ya nuna sai an sabunta kashi huɗu cikin ɗari na gonaki duk shekara, amma abin da ake yi a shekarun nan wajen rabin haka ne. Kamfani mai hekta dubbai yana iya sare wani yanki ya ci daga saura. Mai eka goma da ya sare tasa zai yi shekara uku babu ko sisi daga gonar, ga sabon bashin dashe a kai, kuma in farashin manja ya yi sama, lokacin ne ya fi ƙin sarewa.